Sunan da ke Ƙarƙashin Furen Wake

Talata, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Yanzu na sauko daga taksin Maraɗi, ko mayafi ban cire ba. Maigidana, Malam Barmo, yana kasuwar Gazawa wajen cinikin hatsi. Gara da ba ya nan, da ya ga fuskata sai ya tambaya.

Hoton yana can. Sun rataye shi a bakin zauren baje kolin manoma, ya fi ni tsawo. Furen wake guda ɗaya, wanda a gona bai wuce kan babban yatsa ba. Kowace jijiya ta fito, ga raɓa a gefen fure, ga 'yan baƙaƙen ƙwarin nan masu zubar da fure, har gashin fikafikansu ana gani. Mutane sun yi cincirindo. Na ji wani tsoho yana cewa, "Ashe wannan ɗan abin ne ke cinye mu duk shekara."

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Sai na sauke ido ƙasa, inda aka rubuta sunan mai hoto.

Saliha Mamman.

Na matsa kusa. Na rufe ido ɗaya na sake karantawa. Babu sunana, Ummukulsum, ko a gefe, ko da ƙananan haruffa.

Saliha tana tsaye kusa da Mushe Bakari, wato Malam Bakari a bakin masu Faransanci, shugaban porjen da ke taimaka wa ƙungiyarmu ta masu irin shuka. Ta sa sabuwar atamfa. Ta gan ni, ta ɗaga hannu rabi, sai ta juya ta ci gaba da Faransancinta da baƙi.

Tun muna aji ɗaya a lakol, makarantar boko, muke tare. A gidansu na koyi tuƙa tuwo.

Ban yi kuka ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da hantsi

Ba ta kira ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi hoton nan, ko ba kowa zai karanta ba.

A gonar Baba Labo ne, a Sae Sabuwa, daminar bara. Mun kwana a gidansa ni da Saliha, saboda furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Kyamarar ta marigayi babana ce, mai hoton garinmu Agiye, ni ya bar wa. Gilashin kusa, wanda ake ɗaura wa kyamara don ƙananan abubuwa, da kwamfuta, porje ne ya ara mana.

Idan ka kusanci fure haka, ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tangaran, sirinsa kamar bakin reza. Gaba da baya duk dishi-dishi. Don haka ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Ka ɗauka, ka juya gilashi kamar tsawon gashi, ka sake ɗauka, ka sake juyawa, har ka ratsa furen daga leɓensa zuwa cikinsa. Sai manhaja ta tsinto wurin da ya fito a kowane hoto ta haɗa su guda. Mu muna ce masa tari. Kuma da yake furen ba ya shiga gilashi gaba ɗaya a wannan kusanci, sai na raba shi gida-gida, kowane gida da nasa tarin, sannan wata manhajar ta haɗa gidajen baki da baki. Wannan shi ne ɗinki.

Iska kaɗan ta kaɗa, aiki ya lalace. Ƙwaro ya motsa, ya fito da kai biyu. Na durƙusa a kunyar wake har gwiwoyina suka mutu, cinnaka na cizona ban isa in motsa ba. Sai a safiya ta uku muka samu. Bayan mun dawo na yi kusan mako ina gyaran bakin ɗinki da hannu, inda manhaja ta bar fatalwa a gefen fure.

Ita ce ta kare iska da zanenta. Ita ce ta rubuta bayanin Faransanci. Ban ce ba ta yi komai ba.

Amma wa ya durƙusa?

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

Ba ta kira ba. Malam ya ce miyar jiya gishiri ya yi yawa. Na ce hannu ne ya zarce.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Na je buron porje, wato ofishinsu. Na shirya maganata tun daga gida, a hanya ma ina ta maimaitawa. Zan ce kuskure aka yi wajen bugawa, a gyara.

Mushe Bakari ya tashi ya ba ni kujera da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa aka kawo mini ruwa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Madam Kulu, ya jiki? Wallahi ban sani ba, da ban bar ki kina wahala a rana ba."

Na ce, "Wane jiki, Mushe?"

Ya dube ni, ya kau da kai. "Madam Saliha ta yi mana bayani. Ta ce tun bara ita ke riƙe da aikin, ta rufa miki asiri ne kawai. Allah ya ba ki lafiya. Ba abin kunya ba ne."

Sai ya gaya mini sauran. An ba porje gurbin mutum ɗaya a Yamai, horo na wata uku. Wanda ya dawo shi zai riƙe aikin hotuna na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji gaba ɗaya. Sun ba ta. Gilashin kusa da kwamfuta kuma in mayar ranar Litinin ta sama, za ta tafi da su.

Duk maganar da na shirya ta zube. Na ce, "To." Na ma yi masa godiya. Na sha ruwan.

Mutum ɗaya na gaya wa abin nan a duniya. A ƙarƙashin gawon gonar Baba Labo, muna cin dafaffiyar gyaɗa. Na sa ta rantse. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba Kulu, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ko Malam bai sani ba.

Daga yau ba zan ƙara rubuta sunanta a nan ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, da azahar

An yi ruwa tun asuba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da hantsi

Ta turo saƙon murya. Ina ganinsa a waya, ban buɗe ba.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe. "Kulu, ki bari mu haɗu in yi miki bayani, ba yadda kike zato ba ne. Inna na gaishe ki."

Shi ke nan. Muryarta sumul, kamar wadda ke tambayar kuɗin tumatir. Na saurara har na gaji, ina neman inda muryar za ta yi rawa. Ba ta yi ba.

Inna na gaishe ni. Har da Inna, mahaifiyarta, za ta sa a gaba.

Laraba, 28 ga Agusta, da yamma

Tunda gilashin na hannuna har Litinin, na ce bari in yi wani hoton ni kaɗai, in kai wa Mushe Bakari in ajiye masa a kan tebur, in ga abin da zai ce. Na bi Malam a moto, babur ɗinsa, zuwa Gazawa da sassafe. Ya sauke ni a gonar riɗin ƙanensa ya wuce kasuwa.

Furen riɗi fari ne mai ɗan ja-ja, kamar ƙaramar ƙararrawa, jikinsa duk gashi. Ya fi na wake wuya. Na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na soka kara biyu na ɗaura zane don iska. Na yi bisimilla.

Na daɗe ban ji daɗi irin na safiyar yau ba. Ba kowa sai ni da kurciya. Na yi gida huɗu, kowanne da tarinsa. Na ce a raina, za su gani.

Gobe zan haɗa.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan azahar

Bai yi ba.

Manhaja ta gama tari, sai ga layi-layi na dishi a tsakiyar fure, kamar an shafa mai da yatsa. Wato na tsallake wurare, na juya gilashi fiye da kima ban lura ba. A gida na uku ma tun farko ba a kan leɓen fure na fara ba, a kan ganyen baya na fara. Ɗinki ya ƙi kamawa sam.

Iska ce. Akwai iska jiya.

Alhamis, kafin magariba

Babu iska jiya. Zanen ko motsi bai yi ba.

Na zauna ina tuna yadda take leƙo allon kyamara ta kafaɗata tana cewa, "Koma baya kaɗan, Kulu, nan bai fito ba." Yaushe ta fara faɗin haka? Da ba ta faɗi. Ni ke gaya mata.

To ko da haka ne. Ko da haka ne, a bakinta za a ji? Da ta zo ta ce mini, Kulu ga abin da ake ciki, mutum ɗaya suke so, ya za mu yi? Wallahi da na ce ta tafi. Ina jin da na ce ta tafi.

Juma'a, 30 ga Agusta, da safe

Na zuba shayi ya sauka a gefen kofi. Malam ya gani.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Malam ya dawo tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da ba ya yi ranar ciniki. Bai shigar da moto ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ummukulsum, zo nan."

Ba ya kiran cikakken sunana sai da dalili.

Ya rufe mini idon dama da tafin hannunsa. Hannun yana warin buhu. Ya ɗaga ɗayan hannun ya ce, "Yatsa nawa?"

Na ƙura wa hannun ido.

"Yatsa nawa, Kulu?"

Na ce, "Ina ganin hannun."

Ya sauke hannunsa ya zauna a kan turmi. Sannan ya ce, "A rumfar mai shayi na ji. Direban porje ke ba da labari, wai matar Barmo idonta na hagu ya tafi tun bara. Ana ta yi mini jaje, ni kuwa ina ta amsawa kamar na sani. Mi na yi miki da masu shayi za su riga ni ji?"

Na ce tsoro nake kada ya hana ni fita gona da kyamara.

Ya ce, "Na taɓa hana ki?"

Bai taɓa ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ranar Laraba za mu Maraɗi wajen likitan ido, ya tashi ya tafi masallaci. Abincinsa na nan a rufe.

Hoto ta ɗauke mini, na ce hoto ne kawai. Yau ta shigo har cikin ɗakina.

Lahadi, 1 ga Satumba, da hantsi

Inna Laraba ta zo, mahaifiyarta. Da ƙafa ta zo, da ciwon gwiwarta, ta riƙo kwanon kwaɗon zogale irin wanda ta san ina so. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta kamar kullum. Matar nan ita ta yi mini wankan jego lokacin da uwata ba ta da rai.

Ta ce, "Ɗiyata, ban san mi ya haɗa ku ba, ta ƙi gaya mini. Amma ko harshe da haƙori suna saɓawa."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Ba ta barci. Na ji ta tana juyi."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ta dube ni da kyau. "Ke dai tun kina ƙarama haka kike. In an taɓa ki ba ki kuka, sai ki yi ta ladabi har mutum ya ji tsoro."

Na raka ta har bakin titi. Ban gaya mata komai ba. Da wane baki zan gaya wa uwa abin da 'yarta ta yi? Kwaɗon na nan, na kasa ci, na kasa bayarwa.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan azahar

Na goge gilashin da tsumma mai laushi, na sa shi a jakarsa, na naɗe wayar kwamfuta yadda aka ba ni. Kafin in rufe kwamfutar na buɗe furen waken na ƙara kallo. Na san kowane wuri da na gyara da hannuna. A ƙasa ta hagu akwai inda ƙwaro ya motsa na share masa ƙafa ta bakwai. Ba wanda ya san da wannan sai ni.

Tana buron. Mushe Bakari ya fita, da gangan ko ba da gangan ba, ban sani ba. Na ajiye kayan a tebur na juya. Ta tare ƙofa.

"Kulu, don Allah ki tsaya."

Na tsaya.

"Mutum ɗaya suka ce. Ke za su ɗauka, kowa ya sani. Ki je Yamai, a ba ki kyamara a gaban mutane, sannan su gane? Da sun kore ki, da sun ƙwace gurbin, mu duka mu tashi a tutar babu. Na ga gara ya tsaya a hannun ɗayanmu."

Na ce, "Shi ya sa kika gaya musu."

"Shekara guda ina roƙonki ki je asibiti, kin ƙi. Ni ke duba miki allo, Kulu, kin sani. Ni ma na sha rana. Kullum sai a ce hoton Kulu, hoton Kulu, ni 'yar riƙon zane."

Wannan na ƙarshen da ƙarfi ya fito. Ina jin shi ne gaskiyar, sauran duk rakiya ce.

Na ce, "To, na ji na Yamai. Sunan fa? A ƙarƙashin furen. Shi ma don lafiyata ne?"

Ta dubi jakar gilashin.

"Masu bugawa ne suka tambayi suna ɗaya," in ji ta, a hankali.

"Kika ba su."

Na ce ta ba ni hanya, ta matsa.

A bakin titi na haɗu da Baba Labo, ya zo karɓar iri a ƙungiya. Ya washe baki ya ce, "A'a, ɗiyar mai hoto! Ina 'yar'uwar taki? Yau ke ɗaya? Waken bana ya hwara hure, ku taho ku ɗauka tun bai zube ba." Na ce masa in Allah ya so.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Jakar kyamara ta yi sauƙi. Na ɗaga ta sau da yawa yau ba dalili.

Laraba, 4 ga Satumba, da yamma

Mun je Maraɗi. Da za mu tsallaka titi Malam ya koma ta hagu da ni ya riƙe mini hannu, a gaban mutane. Tun aurenmu bai taɓa ba.

Likita ya ɗiga mini magani, ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi yaushe abin ya fara. Na faɗa. Ya ajiye fitilar ya ce, "Madam, me ya sa sai yanzu?" Malam ya dubi ƙasa.

Ya ce na hagu za a gwada aiki bayan kaka, bai yi alkawarin komai ba. Na dama ne ya fi damunsa, shi za a tsare. Ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce kada in kuskura in fasa. Na tambaye shi hoto fa. Ya ce, "Mu fara da ido tukuna."

A hanyar dawowa taksi ta bi ta gaban zauren baje kolin. Sun sauke komai. Ban san inda suka kai furen ba.

Da ba ta yi magana ba, da ban je ba. Na san wannan. Malam ma ya faɗa, a hankali, yana ɗiga mini maganin. Na ce masa wanda ya tura ka rijiya ba ya cin ladan ruwan da ka sha a ciki.

Juma'a, 6 ga Satumba, da hantsi

Maganin yana da zafi. Ban yi kuka ba, maganin ne.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Inna Laraba ta aiko. Gobe da safe motar Yamai za ta tashi, tana so in zo tasha a yi sallama. Ta ce ba don 'yarta ba, don ita.

Malam ya ce, "Ba dole." Na ce Inna ce ta kira.

Lahadi, 8 ga Satumba, da azahar

Na je.

Mutane da yawa sun zo rakiya, matan ƙungiya, 'yan uwanta, har Mushe Bakari. Ana ta yi mata addu'a, ana cewa ta fitar da Agiye kunya. Wata ta ce mini, "Ke kam yau sai haƙuri, an raba ki da rabin jikinki." Na yi murmushi.

Ta riga ta shiga mota, tana bakin taga, jakar gilashin a kan cinyarta ta rungume. Idonta ya kumbura. Inna ta kama hannuna ta ja ni har jikin motar.

Ɗiyar tata ta miƙo hannu ta taga ta riƙe nawa. Hannunta sanyi ƙalau. Ta sunkuyo ta ce, yadda na kusa za su iya ji, "Kulu, ki yafe mini."

Direba ya yi ham. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Matan suka ce amin, amin, wata har da guɗa. Suka ɗauka an gama. Ita ba ta saki hannuna ba sai da mota ta fara tafiya, tana ta dubana tana jiran sauran maganar, har yatsunmu suka rabu.

Inna kaɗai ta ji abin da ban ce ba. Na riƙe mata hannu muka taka a hankali saboda gwiwarta, tun daga tasha har ƙofar gidanta. Da za ta shiga ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Kwanona yana wurinki. Ki kawo shi da kanki, kar ki aiko."